Tsofaffin wayoyin da ke durowarmu kuɗi ne, amma mu duba yadda muke sayar da su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana akan wani abu da ya tsaya min a rai tun watan da ya wuce, wato maganar tsofaffin wayoyin nan da suka mutu muka zuba su a durowa ko ƙarƙashin gado, da kuma masu yawo unguwa-unguwa suna saye.

Abinda ya faru shi ne Hajiyarmu ce tace a fitar da kayan ɗakinta za'a yi fenti saboda bikin ƙanwata da ya matso, muna cikin jan kaya sai ga wata tsohuwar kwalla a bayan sif, ko da na buɗe wallahi wayoyi ne har guda tara a ciki, ga cajoji sun cukuikuye kamar igiyar guga. Akwai Nokia 3310 ta marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, akwai ƴan rakani-kashi guda uku, da BlackBerry ɗaya ta lokacin da ake yayinta, sauran kuma Tecno ne da Itel da suka fashe ko suka daina kawo wuta. Duk wanda wayarsa ta mutu a gidan sai ya kawo wa Hajiya ajiya wai kafin ya samu kuɗin gyara, daga nan shikenan an manta. Ana cikin haka sai ga mai gwangwan da kurarsa da ƴar lasifikarsa yana ta shela, tsohuwar waya, tsohon batir, kwandem muna saye. Na kira shi, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalle bayan guda biyu ya leƙa, yace duka naira dubu uku, muka ɗan ja ciniki ya cika dubu huɗu akan guda bakwai, na Baba da wata ɗaya na riƙe. Ni a lokacin har murna nake, abinda da shara za'a zuba gashi ya kawo kuɗin cefane.

Bayan kwana biyu na je Farm Centre, kasuwar waya ta nan Kano, gyaran wajen cajin wayata, ina ba wani abokina mai gyara labari, sai yayi min tambaya biyu. Ta farko nawa ka sayar. Da na faɗa masa yace ai in akwai wadda sikirin ɗinta bai fashe ba to shi kaɗai zai iya kawo wannan kuɗin koma ya fi, domin su masu gyara kullum neman irin waɗannan kayan suke. Ta biyu kuma ita ce ta hana ni barci, yace ka goge abinda ke ciki? Nace ai matattu ne, ba sa ma kawo wuta. Yace Malam ba'a cewa waya ta mutu sai mai gyara ya gwada ya kasa, da yawa batir ne kawai ko wajen caji ko sikirin, minti ashirin an tada ta, kuma duk hoton da ke ciki da saƙo da lambobi suna nan daram kamar ranar da aka ajiye. Ɗaya daga cikin wayoyin nan ta ƙanwata ce, akwai hotunanta na cikin gida da ƙawayenta ba mayafi, akwai saƙonnin murya, yarinya ce da ake shirin kaiwa ɗakin miji. Har yau alhamdulillahi bamu ji komai ba kuma ina kyautata wa wannan bawan Allah zato, mai neman halalinsa ne, amma waya ba a hannunsa take tsayawa ba, hannu nawa zata bi kafin ta kai inda za'a farfasa ta?

Wannan ne yasa na zauna na bi diddigin abin, kuma abinda na fahimta nake so in raba da ƴan uwa masu karatu.

Ita waya ba roba da gilashi kawai bace. A jikin fanel ɗin nan, wato koren allon da ke ciki, akwai zinare da azurfa da tagulla da wani ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam, a batir kuma akwai litiyam da kobal, shi kobal ɗin mafi yawansa daga ƙasar Kwango ake haƙo shi da wahala mai yawa. Kada wani ya ji zinare ya ɗauka zai yi kuɗi da waya ɗaya, a'a, zinaren da ke cikin waya guda bai kai ko kashi ɗaya cikin ashirin na giram ba, ɗan shafe ne kawai a bakin wasu siraran ƙarafa na ciki. Amma idan aka tara da yawa sai lissafi ya canza, tan guda na matattun wayoyi ya fi tan guda na dutsen da ake haƙowa a rami yawan zinare nesa ba kusa ba, shi yasa manyan kamfanoni suke binsu. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Japan. Da za su karɓi baƙuncin gasar Olympics ta Tokyo 2020, wadda korona tasa aka ɗage zuwa 2021, sai suka roƙi jama'arsu kowa ya kawo tsohuwar waya da ƙananan kayan lantarki, daga 2017 zuwa 2019 aka tara wayoyi sama da miliyan 6 banda sauran tarkace kusan tan dubu 79, daga ciki aka tace zinare wajen kilo 32, azurfa kilo 3,500, tagulla kilo 2,200, kuma duk lambobin yabo kusan 5,000 da aka rataya wa ƴan wasa daga wannan tarkacen aka ƙera su. Abinda muke barin yara suna wasan mota da shi a tsakar gida kenan.

Mu kuma mu tuna tun yaushe muke tara su. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya zamanin Obasanjo, lokacin da layi kaɗai sai mai hali, yau kuwa shekara ashirin da ɗoriya kenan, mai shayi da mai kayan miya da tsohuwa a ƙauye kowa da tasa, wani ma biyu, kuma ƙananan wayoyin nan masu araha ba sa daɗewa, shekara ɗaya biyu sun sheƙa. Kowane gida a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi in aka bincika za'a samu irin kwallar Hajiyarmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen lantarki tan miliyan 62, kuma abinda aka san an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

To ni ba ina cewa kada a sayar bane, a'a a sayar mana, a wannan tsadar rayuwar ko naira dubu ce ta shigo ai ta rage wani abu, kuma ajiye matacciyar waya ma yana da nasa haɗarin domin batirin yana kumbura, in ya kumbura kuma aka matse shi ko yaro ya soka masa ƙusa zai iya kamawa da wuta, ga zafin da muke fama da shi watan Afrilu da Mayu. Abinda nake cewa a sayar da ido biyu. Wayoyin nan ba darajarsu ɗaya ba, wadda take aiki ko take buƙatar ɗan gyara kaɗan ba ta mai gwangwan bace sam, ka kaita kasuwar waya a yi mata kuɗi ko ka cika a baka wata, ko ka gyara ka ba wani ɗan uwa da bashi da ita ka samu lada. Wadda ba zata tashi ba amma akwai abin mora a jikinta, sikirin ko kyamara ko sifika ko kwanson, ita ma masu gyara sun fi sanin darajarta. Sai wadda ta zama gawa gaba ɗaya, wannan fanel ɗinta kawai ake so, kuma ko shi farashinsa ya bambanta, na babbar waya daban na ƴar ƙarama daban. Mai yawo a unguwa ya san duk wannan, mu ne bamu sani ba, shi yasa yake yi mana kuɗin goro, musamman mata a cikin gida da ake musanya musu da bokitin roba ko kofi, da yara da ake ba ɗari biyu su ruga su sayi alewa, wani lokacin ma yaron ɗauko wayar yayi ba da sanin kowa ba.

Sai maganar sirri wadda ita ce ta fi damuna. Kafin waya ta bar hannunka dan Allah cire layi, cire mimori, ka fita daga akawun ɗinka na Google da WhatsApp da Facebook da duk manhajar banki, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani komai ya goge. In kuma bata kawo wuta ka kaita wajen mai gyaran da ka yarda da shi ya tada ta a gabanka ka goge da hannunka, in ta ƙi tashi kace ya cire ɗan abin da ke riƙe bayanan ya fasa kana kallo, sauran fanel ɗin zai sayu a haka. Kada ka raina tsohon layin da ka bari a ciki, yanzu layi ba abin wasa bane, tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, kuma da yawanmu da shi muka buɗe asusun banki aka haɗa da BVN, wanda ya samu layinka yana iya gwada lambobin tura kuɗin nan na banki ko ya karɓi bashi da sunanka ko ya kira ƴan uwanka yace kana asibiti a turo. Ko ba'a sace ba ma, layin da aka daɗe ba'a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi ga wani, sai alat ɗin bankinka ya riƙa shiga wayar wanda baka sani ba. Iyayenmu mata basu san wannan ba, mu da muka ɗan sani nauyin a kanmu yake, kuma gashi ni kaina na yi sakaci.

Akwai kuma ɓangaren da ba'a so a faɗa, wato ƙwacen waya. Duk ɗan Kano ya san abinda muka gani a ƴan shekarun nan, matasa da wuƙa da ɗan buda suna tare mutane a lungu da cikin adaidaita, an rasa rayuka akan wayar da bata kai ta kawo ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ɓarawo ba zai yi sata ba in bashi da inda zai kai, kuma tunda aka fara bin sawun waya ana kama mai riƙe da ita, sai wasu suka koma farfasa ta su sayar gunduwa-gunduwa, sikirin nan fanel can, ta shige cikin kwandem ta ɓace. Ba ina cewa masu sana'ar gwangwan ɓarayi bane, wallahi mafi yawansu mutanen kirki ne da suka baro garuruwansu suna tura kura cikin rana don kada su yi bara ko sata, amma kasuwar da ba rasit ba tambaya ba rubutu dole ɓata-gari su raɓe a cikinta. A Amurka akwai wata na'ura mai suna ecoATM da ake ajiyewa a manyan kantuna, ka saka tsohuwar waya ta duba ta ta faɗi farashi ta baka kuɗinka nan take, amma ba zata biya ba sai ka nuna katin shaida ta kuma ɗauki hotonka. Mu bama buƙatar na'ura, littafi da biro sun isa. Kowace waya tana da lambarta ta IMEI mai lamba 15, in tana aiki ka danna *#06# zata fito, in ƴar ƙarama ce tana rubuce a ƙarƙashin batir. A rubuta wannan lambar da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, wanda ya ƙi a rubuta to ka san akwai lauje cikin naɗi.

Daga nan sai ina kayan suke zuwa. Abinda abokina ya faɗa min, ana tara fanel buhu-buhu dillalai su saya su wuce da shi Legas, can wajen Computer Village na Ikeja da kasuwar Alaba, daga nan mai kyau ya bi jirgin ruwa zuwa ƙasashen da ke da manyan matatu, irin ta kamfanin Umicore da ke kusa da Antwerp a Beljiyam, inda ake narka shi a rufe ana tace hayaƙin. Su suke cin babbar ribar, mu namu tarawa ne da dako. Wannan ma da sauƙi, abin tsoron shi ne ragowar da ba'a fitar ba, roba da wayoyin caja da batura, su ake cinna wa wuta a bayan gari ko gefen bola don a fitar da jan ƙarfe, kuma waɗanda ke tsaye a kan wutar nan yaranmu ne, ƴan shekara sha biyu sha biyar, ba safar hannu ba abin rufe hanci, baƙin hayaƙi na shiga ƙirjinsu, da yamma su sayi madara su sha wai tana wanke ƙirji. Bata wankewa. Wanda ya taɓa jin labarin Agbogbloshie a birnin Accra ya san inda abin ke kaiwa, wajen da yaran arewacin Ghana da ƴan zango suka shafe shekaru suna ƙona tarkace har ya zama abin misali a duniya kafin hukuma ta rushe shi a 2021. A wannan shekarar ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman akan yara da tarkacen lantarki, ta yi gargaɗin cewa yana lalata huhu yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, yana kuma jawo wa mai ciki haihuwar bakwaini ko ɓari.

Mu ƴan Arewa bai kamata sai an zo daga waje an faɗa mana illar dalma ba. A 2010 a Zamfara, ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Ƴargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gida ƙurar dalma na bin abinci da ƙasar da suke rarrafe a kai, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka shigo aka gane musabbabin. Can ma neman zinare ne ya shigo da guba har tsakar gida. Gaskiya waya ɗaya bata da dalma mai yawa, amma ai ba waya kaɗai ake farfasawa a waɗannan wuraren ba, ana haɗawa da tsohuwar talabijin da batirin mota da na sola, kuma tokar da ta rage ruwan sama ne ke wanke ta zuwa kwata, daga kwata zuwa inda ake ban-ruwan latas da kabeji. Sannan na fara jin wasu matasa suna kallon bidiyo a intanet suna cewa za su tace zinaren da kansu da ruwan asid a bayan ɗaki, dan girman Allah ku bari, tururin nan kaɗai yana ƙona huhu, kuma abinda za ku samu ba zai biya kuɗin asid ɗin ba balle na asibiti.

Dokoki kam akwai su a takarda. Tun abinda ya faru a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, da aka kawo ganguna masu guba daga Italiya aka jibge, Najeriya ta fara kafa hukumar kare muhalli, daga baya a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, sannan a 2018 aka samar da EPRON wadda manufarta kamfanonin da ke ƙera ko shigo da kayan lantarki su ɗauki nauyin tattara su idan sun mutu. A Legas akwai kamfanoni masu lasisi irin su Hinckley da ke karɓar irin waɗannan kaya suna warware su ba tare da ƙonawa ba. To tambayata ita ce mu fa? Wayoyin da ake sauke wa a Farm Centre da titin Beirut kullum ba kaɗan bane, daga nan ake kaiwa har Nijar da Chadi, kamfanonin Tecno da Itel da Infinix da Samsung suna ciniki sosai a wajenmu, me zai hana kowane babban shagonsu ya ajiye akwatin karɓar matattun wayoyi da batura, da farashi a rubuce a bango kowa ya gani, ko a rage maka wani abu in zaka sayi sabuwa. Kamfanonin layi ma suna da ofisoshi a kowane babban gari, za su iya.

Kuma ina roƙon hukuma kada maganin ya zama korar ƴan gwangwan, domin duk lokacin da aka tashi gyara a ƙasar nan kan talaka ake fara sauke sanda. Su ne suka san lungu da saƙo, su ne ke shiga inda motar shara bata shiga, ba don su ba da tuni batura sun cika mana kwatoci. A yi musu rajista ta hannun shugabanninsu, a basu kati, a koya musu ware batir daban kada a danne shi a ƙarƙashin ƙarfe, a samar musu wurin da za su kai kaya a auna a biya su da daraja yadda ƙonawa ba zata zama ita ce mafita ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar waya su ma su sa dokar littafin nan a tsakaninsu tun kafin a ɗora musu daga sama. Malamanmu kuma a taɓo maganar a huɗuba, hukuncin sayen kayan da kake zargin na sata ne, da amanar mai gyara idan ya buɗe waya ya tarar da hotunan iyalin wani, domin wannan amana ce babba kuma da yawa cikin yaran da ke koyon gyara babu wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu.

Malam Edita, in da hali ku tura wakilinku ya bi waya guda ɗaya tun daga hannun mai kura har inda take ƙarewa, ya rubuto mana farashin kowane mataki, mutane su san abinda ke hannunsu. Ni dai guda biyun da suka rage na kai wa abokina, ɗayar ya tada ta na goge komai da hannuna na ba ɗan maƙwabcinmu mai koyon ɗinki da bashi da waya, ta Baba kuma na cire batirin na bar wa abokin nawa ya haɗa da nasa, ita kuma na mayar wa Hajiya tace a bar mata ita.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Kano